Yatsan Ango da Maganin da Ba a Gode Wa

A garinmu, can kudancin Louisiana inda gonar shinkafa kan koma tafkin jatan lande da zarar an gama girbi, babu wanda bai san Placide Vidrine ba, domin shi kansa bai yarda a manta da shi ba. Gajere ne mai tumbi da gashin baki, idan yana magana sai ya riƙe maka hannun riga don kada ka sulale. In ka kama kifi, shi ya taɓa kama uwarsa. In ka gina rumfa, ya riga ya san inda za ta fara yoyo. Amma babban abin da yake taƙama da shi gadon kakarsa ne.

Kaka Azema mai magani ce, irin waɗanda muke kira traiteur, masu warkar da ƙananan cututtuka da addu'ar sirri da shafa hannu. Ƙa'idojin abin kowa ya tashi da saninsu. Mace ce take ba namiji addu'ar, namiji ya ba mace. Mai magani ba ya tallar kansa, sai an roƙe shi. Addu'ar ba ta tsallake ruwa mai gudu. Sannan babbar cikinsu, ba a ce wa mai magani an gode, in ka gode masa ka zubar da maganin. Shi ya sa a wurinmu babu girmamawar da ta kai mutum ya tashi daga gabanka ya juya ya tafi bai ce uffan ba.

Placide ya rantse cewa tsohuwar ta raɗa masa addu'o'in kaf kafin ta cika. Matarsa Odile, wadda take ɗakin a lokacin, ta ce abin da ita ta ji kawai shi ne tsohuwar tana cewa ya tashi, ya zaune mata ƙafa. Shekara da shekaru yana jiran a roƙe shi, ba a roƙa ba. Idan ya hango mai ɗingishi sai ya je ya tsaya kusa da shi yana gyaran murya, yana kallon tafin hannunsa kamar mai duba wata dukiya. Mai ɗingishi ya yi masa sannu ya wuce asibiti.

Sai ga rabo ya shigo masa har gida, ya zauna a teburin cin abincinsa.

Lucien Prejean ne, saurayin da zai auri 'yarsa Celie ranar Asabar mai zuwa. Dogon yaro ne shiru-shiru, ladabi ya yi masa yawa, ko ƙofar kanti ce ta buɗe da kanta sai ya ce mata na gode. Tun da aka sa rana fargaba ta sa shi cin fatar gefen farcensa, ga shi kuma wuni yake hannunsa cikin ruwan tafki yana zazzage tarkon jatan lande. Ranar Lahadi bayan coci, ana cin gumbo, miyar kuɓewarmu da ake ci da shinkafa, ya miƙa hannu zai ɗauki shinkafa sai aka ga gindin farcen yatsan zobensa ya yi ja ya ɗan tasa.

"Ɗan karkare ne yake son kama ka," in ji Odile. "Ka riƙa tsoma shi a ruwan ɗumi da gishiri, ka daina cizonsa, ka sa safar hannu a tafki. In ya tara ruwa ka je a duba maka."

Celie ta kama hannun ta jujjuya. Ita malamar makaranta ce a birnin Lafayette, a ranar za ta koma, ba za ta dawo ba sai jajiberin biki. Ta ce, "Ni fa ban damu da furanni ba, ban damu da kek ba. Zoben mahaifinsa ya shiga yatsan nan a gaban mahaifiyarsa, abin da nake so ke nan." Mahaifin Lucien ya rasu tun yaron yana ƙarami, zoben aurensa ne kaɗai abin da ya bari mai daraja, har an kai shi wurin maƙeri an rage shi daidai yatsan.

Motar Celie ba ta gama fita daga layi ba Placide ya ja Lucien baranda.

"Ɗana, ni ba ni da ikon in ce maka komai. Ƙa'ida ta ɗaure mini baki."

"To, Mista Placide."

"Amma kai bakinka a sake yake."

"Haka ne, Mista Placide."

"Wani yaron mai hankali, in ya ga surukinsa jikan Azema ne, kuma ga yatsa yana ciwo, ai akwai abin da zai ce."

Lucien ya yi ta tunani har gumi ya tsatso masa. "Ko za ka taimaka ka duba mini?"

"Tunda ka matsa," in ji Placide, ya riga ya zaro zare daga aljihu.

Ya rufe ido ya yi ta motsa baki, ya zana alamar gicciye a kan yatsan, ya ƙulla zaren nan ƙulli bayan ƙulli, sannan ya ɗaure shi a gindin yatsan tamau, wai don kada ciwon ya samu hanyar hawa sama. Lucien ya miƙe ya cire hula.

"Na gode, Mista Placide."

Placide ya dafe kai. "Ka kashe maganin! Addu'ar da aka adana tun zamanin kakanni, ka zubar da ita da kalma biyu!"

"Yi haƙuri. Na gode da ka faɗa mini."

"Rufe bakin nan!"

Washegari da safe, a kantin bakin gada inda maza ke shan kofi kafin su shiga tafki, Placide ya ba da sanarwa. Bai yi talla ba fa, ƙa'ida ta hana. Cewa kawai ya yi ranar Asabar, a coci, a gaban Fada limaminmu da jama'a, za a kwance wani yatsa, kuma daga ranar wasu za su san hanyar gidansa.

Maƙwabcinsa Dudley Sonnier, mai kiwon kaji, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna tun suna 'yan makaranta, ya ce, "Placide, ba kai ka yi wa akuyarka magani bara ba?"

"Ta warke."

"Mun ci ta."

"Da lafiyarta kuka ci ta."

Ana cikin haka Lucien ya shigo. Yatsan ya ninka, ya yi sheƙi. Placide ko a jikinsa, ya ce ai dama an gode masa jiya, me ake tsammani? Nan take ya sa mai kanti ya yanko masa kitsen alade mai gishiri, ya naɗe yatsan da shi, ya bi da tsumma, ya bi da leda. Ya ce kitse zai zuƙo dafin, kuma kada kowa ya buɗe, kada a nuna wa Odile, kada a faɗa wa Celie a waya, domin idon mace yana tsinka magani. Wannan ƙa'idar dai ko Kaka Azema ba ta san da ita ba.

Kitsen bai zuƙo dafi ba, amma ya zuƙo karnukan garin. Duk inda Lucien ya sa ƙafa suna biye da shi, hannunsa a sama kamar ɗalibin da ya san amsa. A ƙofar gidan Placide, karen gidan da kansa ya yi tsalle ya cafki ledar. Placide ya fito da tsintsiya ya kore shi, Lucien kuwa yana haki ya ce, "Kai, na gode!"

Wannan godiyar ta raba kantin bakin gada biyu. Wasu suka ce ta kare ce, ba ta shafi magani ba. Placide ya ce godiya godiya ce, addu'a ba ta tsayawa ta tambayi dalili. Dudley ya ce shi a ganinsa a toshe bakin yaron da kitsen, a bar yatsan ya huta.

Zuwa tsakiyar mako yatsan ya fara bugawa da kansa, Lucien ba ya iya ɗaure takalmi. Ya zo ya tsaya a gaban surukinsa yana murza hula, ya ce ko dai ya ɗan leƙa asibiti, ba don raini ba.

"Asibiti?" Placide ya riƙe masa hannun riga. "Ka roƙe ni da bakinka, yanzu ka tafi wurin wani? Haka za ka yi wa 'yata, in abinci ya ƙone ka leƙa wani gidan? Ina gidanku yake?"

"Tsallaken rafi."

"To ka ji! Tsallaken rafi! Ni ina nan ina ta aiko maka da addu'a safe da yamma, tana zuwa bakin ruwa tana faɗawa ciki. Kwaso kayanka."

Odile ta ce ango ba zai kwana a gidan amarya kafin aure ba, ko da amaryar tana Lafayette. Placide ya ce ba a gida zai kwana ba, a rumfar kwale-kwale zai kwana. Aka shimfiɗa wa Lucien katifa tsakanin tarkuna da jarkokin mai. Sai da aka gama shimfiɗar Placide ya lura da ƙaramar magudanar da ta ratsa tsakanin gidan da rumfar, wadda ke kwashe ruwan tafkuna ta kai rafi. Ya tsaya ya ƙura mata ido. Ruwa ne, kuma yana gudu.

Da wani mutumin ne, da sai ya tsallaka ya je rumfar ya yi addu'arsa a can. Placide buhunan yashi ya ɗebo. Ya wuni yana jera su har magudanar ta tsaya cik, ya goge gumi ya ce yanzu hanya ta buɗe.

Ruwa kuwa da aka hana shi hanyarsa sai ya nemi ta Dudley. Da gari ya waye, kajin Dudley suna jere a kan rufin akurki suna kallon kwanon abincinsu yana yawo. Dudley ya taho cikin dogayen takalman roba, zakara a hammata.

"Placide! Fito ka yi wa kajina addu'a su koyi iyo!"

"Kai ba ka san ana aikin ceton rai ba?"

"Ran wa? Yaron can tun jiya nishi yake yi har gidana ana ji!"

"Nishin dafi ne yana fita."

"Dafin da ya dame shi gajere ne mai gashin baki!"

Maƙwabta suka fito bakin shinge da kofunan kofi a hannu, babu wanda ya yi niyyar raba su. Sai da Odile ta fito ta fara janye buhunan da hannunta sannan Placide ya yarda cewa an samu ɗan kuskuren lissafi, amma daga ɓangaren ruwan.

Ranar Juma'a ya ga lokaci yana ƙurewa, ya yanke shawarar yin abin da ya kira babban aiki. Ya zaunar da Lucien a kan jarka, ya zaro wuƙar aljihunsa da yake fede kifi da ita, ya gasa bakinta da ashana. Lucien ya kalli wuƙar, ya kalli surukinsa, ya ce "Mista Placide," sannan ya sulale ƙasa a sume. Placide ya kai hannu zai tare shi, wuƙar ta yanke shi a babban yatsa. Ihun da ya yi ne ya kawo Odile da gudu, ta tarar da mai magani yana tsalle da ƙafa ɗaya, majinyaci a kwance.

"Me ke cikin tsumman nan, Placide?"

"Sirri."

"Sirrin yana wari."

Ta so ta kwance, amma Lucien da ya farfaɗo ya ɓoye hannun a bayansa. Ya yi wa surukinsa alkawari, kuma shi yaro ne da gara yatsa ya faɗi da a ce ya saɓa wa babba. Da yamma Celie ta iso, aka ce mata ai amarya ba ta ganin ango kafin coci. Ta tambayi yatsa, Placide ya ce, "Gobe za ki ga abin mamaki." A nan kam bai yi ƙarya ba.

Cocin ya cika maƙil. Rabin mutanen sun zo ganin amarya, rabi sun zo ganin yatsa. Mahaifiyar Lucien tana layin gaba da hankici a hannu, tun kafin a fara tana share ido. Placide ya rako 'yarsa har gaban bagade yana baza ƙirji, babban yatsansa a naɗe cikin aljihu. Ango yana tsaye fari fat, gumi yana bin wuyansa, hannun hagu a lulluɓe da sabon farin ƙyalle da Placide ya ɗora a kan tsohon.

Aka yi alkawura lafiya. Fada ya ce a kawo zobe.

"A dakata," in ji Placide, ya tako gaba. "Aikin nan na wanda ya ɗaure ne."

Ya fara warwarewa yana kallon jama'a. Farin ƙyalle ya fita. Leda ta fita. Da tsumma ya fita sai Fada ya ja da baya taku guda, yaran da ke riƙe da kyandir suka toshe hanci. Kitsen ya faɗo kan dardumar bagade. Abin da ya rage a ƙarshen hannun Lucien ya fi kama da tsiren da ake sayarwa a kantin bakin gada, jajir da shi har ya fara yin shuɗi, ga zaren Placide ya nutse cikin naman, ga farin ruwa ya taru a gindin farce.

Daga can baya aka ji muryar Dudley, "To, Alhamis ɗin nan da ruwa ya kora kajina kan rufi dai ba a banza ba."

Celie ta ɗauki zoben. Ta kai shi bakin yatsan, ko kan farcen bai rufe ba.

"Ba haka ake yi ba, kawo," in ji Placide. Ya karɓe zoben, ya tsinci kitsen daga ƙasa ya goga masa, ya kama hannun ango, ya danna da dukkan ƙarfinsa.

Ƙurjin ya fashe. Ya samu rigar Fada, ya samu gaban rigar amarya wadda Odile ta yi aure da ita, ya samu gashin bakin Placide. Lucien, yaron da bai taɓa ɗaga murya ba tun da aka haife shi, ya ƙwala wata kalma da Faransancin kakanninsa wadda ba a taɓa jin ta a cikin wannan ginin ba. Zoben ya kuɓuce ya gangara yana ƙara har ya tsaya a ƙafar mahaifiyarsa. Matar ta sunkuya ta ɗauka, ta goge shi da hankicinta, ta damƙe shi a tafin hannu.

Placide kuwa ya ɗaga hannu biyu sama. "Kun gani? Ya fito! Lokacin da na sa masa ke nan!"

Celie ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tambayi Fada, "An ɗaura?" Fada ya ce alkawari ya riga ya ɗaura, zobe shaida ne. Ta tattare rigarta, ta ja mijinta, ta tura shi cikin motar amarya, ta ja da kanta, gwangwanayen da aka ɗaura wa motar a baya bisa al'adar bikinmu suna ta kwaramniya har asibiti.

A zauren biki gumbo ya huce, makaɗa suka gaji da gyara kayan kiɗa. Placide kaɗai ne bai gaji ba. Yana bin tebur tebur yana bayanin yadda ake sa ƙurji ya nuna daidai ranar da ake so, yana cewa ba kowane mai magani ne yake da wannan ba.

Rana ta yi sanyi sannan ango da amarya suka dawo. An yanke zaren, an wanke ciwon, an cire gefen farcen, an ba Lucien ƙwayoyi na mako guda da gargaɗin cewa da ya ƙara kwana da zaren nan da zancen ya wuce na farce. Hannunsa a naɗe yake da farin bandeji mai tsabta. Zoben mahaifinsa yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

Celie ta wuce kai tsaye wurin makaɗa ta karɓi lasifika. Idonta ya yi ja, amma muryarta a daidai take.

"Baba."

Placide ya miƙe ya gyara kwat, ya juya don kowa ya gan shi.

"Baba, saboda maganin da ka yi wa mijina, a gaban kowa nake faɗa. Na gode."

Baƙon da ba ɗan garin ba da sai ya ce ga 'ya mai tarbiyya. Mu kuwa mun san da gangan ta zubar masa da magani a bainar jama'a. Murmushin Placide ya tsaya a inda yake, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Celie, 'yar nan, ai ba a..."

"Na sani, Baba. Na gode ƙwarai."

Dudley ne ya fara tashi. Ya cire hula, ya kama hannun Placide da hannu biyu. "A madadin kajina, mun gode." Mai kanti ya biyo, ya gode. Fada ya zo da rigarsa a ninke a hannu, ya gode. Mata suka yi layi, tsofaffi da sanduna suka yi layi, makaɗa suka sa wa godiyar kiɗa. Odile ta zo ta gyara masa kwalar riga ta ce, "Na gode, tsoho, har da ta rigar aurena." Mutumin da ya shekara talatin yana mafarkin ranar da gari zai wuce shi shiru, ga shi a tsaye gari yana gode masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta raguwa a cikin kwat ɗinsa.

Lucien ne na ƙarshe. Ya zo ya tsaya a gaban surukinsa, ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya juya zai wuce bai buɗe baki ba.

Placide ya farfaɗo nan take. Ya cafke masa hannun riga ya juyo da shi ga jama'a.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Duk surutunku na banza ne! Wanda aka yi wa maganin bai gode ba! Yaron nan ya san ƙa'ida, ya san wanda ya warkar da shi!"

Lucien ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Ya taɓa zoben da ke wuyansa, ya kalli mahaifiyarsa, sannan ya zare hannun rigarsa a hankali daga riƙon surukinsa.

"Ba ƙa'ida ba ce, Mista Placide," ya ce cikin ladabinsa na kullum. "Tun daga asibiti nake neman abin da zan gode maka a kai, ban samu ba."